Ranar da Na Kira Sunan Malam

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ba da niyya ba. Ta zo wurina Woolwich ita da mijinta, da wata hular roba mai kama da ƙoƙo a hannu, wai za su je hawan keke a tuddan kudu da Landan. Ta ɗora mini waya a cinya tana nuna mini hanyar: ga inda ake hawa, ga inda ake gangarawa, ga inda za a tsaya a sha shayi, kuma babu mota ko ɗaya. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Sai ta juya ta ƙwala wa mijin kira da sunansa na yanka, gatsau, a gabana, wai ya miƙo mata caja. Shi kuma ya amsa da fara'arsa. Ni dai na daɗe da daina tankawa a kan irin wannan. Amma bayan sun fita na jima a zaune, har shayina ya huce.

Lokacin da mijina, Malam, ya aiko aka kawo ni garin nan, a Peckham muke, a wani ɗan flat da ke saman bene, ɗaki da falo. Shi yana karatun aikin gine-gine, ni kuma aikina jira. Abin da na fi tunawa da zamanin shi ne ƙara. Da asuba motar madara za ta shigo layinmu a hankali, kwalabe suna kaɗa juna, da ita nake gane lokacin tashi tunda babu ladan, babu zakara. Sai tarin maƙwabcinmu ta cikin bango, sai kukan bas a kan titi, irin mai buɗaɗɗiyar ƙofa a baya wadda matasa ke ɗafewa tana tafiya. Ɗakin kullum warin kananzir ɗin hita yake, bango yana zufa, wanki ba ya bushewa sai na kwashe shi a jaka zuwa shagon injin wanki. Ran Asabar mu gangara Rye Lane neman doya da busasshen kifi da manja, in an yi sa'a wani ya dawo daga gida da kuka da daddawa a raba mana kamar magani. Labarin gida kuwa a kaset yake zuwa. Mu zauna mu saurari muryar Inna tana gaisuwa, awaki na kuka a bayanta, in an gama mu juya kaset ɗin mu ɗauki namu. Yaran yanzu suna ganin fuskar 'yan gida a waya suna cin abinci, har su ce sun gaji da kira.

A kaset ɗin nan, in na zo maganarsa, cewa nake Malam yana gaishe ku. A gidanmu mace ba ta faɗin sunan mijinta. Ba wanda ya zaunar da mu ya karanta mana doka, da abin muka tashi. Innata ta rayu ta mutu ban taɓa jin sunan Babanmu a bakinta ba, ko yaron maƙwabta ne ya ci sunan, sai dai ta ce mai sunan Malam. Shi kuma nawa Malam ɗin ɗan fari ne, don haka uwarsa da ubansa ma ba sa kama sunan. Ƙannensa Yaya suke cewa, abokai suna da laƙabin da suka sa masa tun makaranta, Turawa kuma sunan mahaifinsa suke murɗewa su kira shi da shi. Mutum ɗaya ce take kiransa da cikakken sunansa, kakarsa, ita kuma ta rasu tun yana yaro. Ni ko a wurin likita aka tambaye ni sunan miji, katinsa nake miƙawa in sunkuyar da kai.

Malam mutumin Zariya ne, kuma duk wanda ya san Zariya ta da ya san keke ne dokin kowa. Ya fi kewar kekensa a kan tuwo. Wata rana na leƙa ta taga na gan shi yana turo tsofaffin kekuna biyu da ya samo a kasuwar gwanjo, baƙaƙe, masu birkin ƙarfe, yana murmushi kamar an ba shi sarauta. Ya ce ɗaya ni ya saya wa. Na ce wace mace ce mai hankali za ta hau keke? Ya ce a nan wa ya san ki? Haka ya dinga fita da ni wani fili kusa da Old Kent Road da sassafe kafin mutane su fito, na sa wandonsa a ƙarƙashin doguwar riga, yana riƙe da sirdin yana gudu a bayana. Na sha ƙasa, na ƙuje gwiwa, na yi fushi na yi kwanaki ban yi masa magana mai daɗi ba. Amma ranar da ya saki sirdin ban sani ba, na waiga na hango shi can baya yana tafi, na ji wani daɗi da har yau ban san da me zan kwatanta shi ba.

A ƙasanmu akwai wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, tana aikin shara a ofisoshi, muna ce mata Mma. Ita ce uwata a garin nan. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne. Da ta ji Malam yana shirin kai ni daji da keke, sai ta tare ni a matakala, tsintsiya a hannu.

“Kai yarinya, mijinka ya gaji da kai ne? Me za ka je yi a daji?”

Na ce, “Wai hanya ce ta masu keke, Mma, mota ba ta bi.”

“To in mota ba ya bi, wa zai ɗauko ku in wani abu ya faru? Ni na yi night shift, na gaji, kar ku sa in zo nemanku. Ka ce masa ya kai ka park, ku zagaya ku dawo.”

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ciki. Ni dama tsoron daji a jinina yake. A ƙauyenmu ba a shiga kurmi sai da dalili, itace ko magani, kuma ba mutum ɗaya ba. Kakata takan ce mana in kun shiga ku rage murya, kada ku kira sunan kowa, don akwai masu saurare, in suka riƙe sunan mutum sai su dinga kiransa da shi har ya bi su. Na yi karatun allo, na san babu mai cutar da bawa sai da izinin Allah. Amma abin da aka zuba maka a kunne kana ƙarami ba ya fita don ka hau jirgin sama.

Lokacin kaka ne, ganye ya fara zuba. Muka sa kekunan a taragon kaya na jirgin ƙasa, muka bar gidaje da hayaƙi a baya, muka sauka a wata 'yar tasha da ba kowa sai mai karɓar tikiti. Hanyar da abokan karatunsa suka kwatanta masa tsohuwar hanyar jirgi ce da aka cire ƙarafunanta, ta miƙe sumul tsakanin itatuwa. Yanzu na ga a wayar jikata an kafa alluna ko'ina, har da bayan gida da wurin gyaran taya. A lokacin babu komai sai tsakuwa da ganye da wasu tsofaffin gadoji na jan bulo da muke wucewa ta ƙarƙashinsu, ruwa yana ɗiga mana a ka. Itatuwan sun haɗe ta sama, rana ba ta sauka sai tsilli-tsilli. Shirun ne ya fi damuna. A gida hanya tana da mutane, ka ji sannu, ka ji an amsa, ka hango gona da mai ita. A nan ba abin da nake ji sai tayoyinmu a kan tsakuwa da wani tsuntsu mai tsawa kamar ana yaga ƙyalle. Duk sanda wani abu ya motsa a cikin ciyawa sai hannuna ya karkace. Malam kuwa yana gaba yana fito, yana sakin hannu yana nuna mini gwaninta.

Muka tsaya muka ci dafaffen ƙwai da burodi, muka sha shayin filas, muka yi azahar a kan mayafina. Da nan muka juya da shi ke nan. Amma sai ya hango wata siririyar hanya ta rabu da tamu ta haye tudu, ya ce an gaya masa daga can sama ana ganin ƙasar gaba ɗaya. Na ce hadari fa yana haɗuwa. Ya ce a garin nan in za a jira hadari ya watse ai ba za a fita ba. Muka tura kekunan muna haki, yayyafi ya sauko, laka ta kama takalmana. Da muka kai sama ba mu ga komai ba sai hazo fari fat. Ya yi dariya, ya ce to mun dai hau. Sai muka nemi hanyar sauka ta ɗaya gefen, muka same ta a tsaye, ta lanƙwasa ta shige cikin duhun itatuwa, jiƙaƙƙen ganye ya rufe ta.

Na ce, “Malam, mu tura.”

Ya ce, “Ni da nake ɗauko buhun masara daga ƙauye a kan keke? Ke dai tsaya nan. In na sauka na ga hanyar lafiya zan buga ƙararrawa, sai ki turo naki a hankali.”

Gaskiya ya faɗa, gwani ne. Amma gwanintar tasa ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, inda in ka daina taka feda keke yake tsayawa da kansa, in ruwa ya sauko kuma ka fake a zauren wani har ya ɗauke. Bai taɓa gangara tudu irin wannan cikin ruwa ba, bai san irin wannan birki ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe ba. Ni ma ban sani ba, daga baya aka yi mana bayani. Na ga bayansa ya sha kwana ya ɓace. Sai na ji ƙararrawar, amma ba bugu ɗaya na alama ba, kaɗawa take ba tsayawa, tana nisa da sauri. Na ji takalmi yana gurzar ƙasa, na ji ƙarfe ya daki wani abu, rassa suka kakkarye. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai ruwa a kan ganye.

Na yar da kekena. Ban san yadda na sauka ba, rabi da ƙafa rabi da mazaunai, ina kama saiwoyi. A kwanar na tarar da kekensa ya rungumi wata itaciya, tayar gaba ta lanƙwashe, hularsa a gefe cikin laka. Shi babu shi. Na ce Malam, a hankali. Na ƙara cewa Malam. Na dafa itaciyar na leƙa ƙasa. Sai na hango tafin takalminsa can ƙasa, cikin wani kwari da dogayen ciyayi suka cika. Na zame na same shi kwance a karkace, ido a rufe, jini yana fita ta saman kunnensa, ganye ya manne a wurin. Yana numfashi, amma da wani irin munshari da ban taɓa ji a bakinsa ba. Na cire ɗankwalina na danne ciwon, ni da ko Mma ba ta taɓa ganin kaina a buɗe ba. Na yi salati, na karanta duk abin da ya zo bakina, ina ta cewa Malam, ka tashi, Malam, kada ka yi mini haka.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammaci ba, kafin nan ko bayan nan. Babu waya a aljihun kowa a zamanin. Ban san sunan wurin da muke ba, Turancina kuma na kasuwa ne da na bas. In na tafi neman mutane, ta ina zan bi, kuma wa zan bar masa? In na zauna, duhu yana zuwa, don a wannan lokaci na shekara ana yin la'asar rana take haramar faɗuwa. Na dinga tunanin kaset ɗin da zan ɗauka in aika wa uwarsa, me zan ce a ciki. Na dinga tunanin za a binne shi a wannan ƙasa mai sanyi, ba ɗan'uwa ko ɗaya a kan kabarinsa. Ina cikin haka na ji huci a ƙeyata. Na juya a hankali, sai ga wani baƙin kare, ƙato, harshe a waje, yana kallona. Na kasa ihu, na kifa jikina a kan Malam na rufe ido.

Wata murya ta kira karen daga sama, ya juya. Wata tsohuwar Baturiya ce da takalmin roba da sanda, mijinta a bayanta. Ta dube mu sau ɗaya ta faɗa wa tsohon wata magana, ya juya da saurin da ban zaci yana da shi ba, ya tafi neman gidan da ke da waya. Ita kuma ta gangaro da baya tana dogara sanda, ta cire rigar ruwanta ta lulluɓe shi, ta durƙusa ta riƙe kansa da hannu biyu. Ta yi mini magana a hankali, kalma ɗaya ɗaya, yadda zan gane. Ta ce kada mu motsa shi. Ta ce in yi masa magana, in kira sunansa, kada mu bari ya yi nisa.

Na ce, “Malam.”

Ta ce, “Sunansa ke nan?”

Na girgiza kai. Ta ce to in kira shi da sunansa na gaskiya, wanda ya sani tun yana yaro. Na haɗa ɗan Turancin da nake da shi na ce mata mu ba ma faɗa, mata ba ta faɗin sunan miji. Na zaci za ta yi mini tsawa ko ta yi mini kallon mahaukaciya. Sai kawai ta dube ni, ruwa yana gangarowa daga farin gashinta.

Ta ce, “Ko kin gaya mini ba zai yi amfani ba, 'yata. Bai san muryata ba. Taki ya sani.”

Wanda bai tashi yadda muka tashi ba zai ce mene ne abin wahala a nan, mutum yana bakin mutuwa. Ni ma yanzu in na tuna nakan tambayi kaina. Amma wallahi na buɗe baki sunan ya ƙi fita, ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Ga nauyin da na tashi da shi, ga kuma maganar kakata ta dawo mini sabuwa, ga mu a tsakiyar kurmi, duhu yana shigowa, itatuwa sun kewaye mu. Ina ji a jikina in na faɗi sunan nan, na miƙa shi ga masu saurare ke nan. Ina wannan kokawa da kaina sai munsharin ya tsaya. Ƙirjinsa ya daina ɗagawa. Na ga hannun Baturiyar ya ƙara matse kansa.

Sai na faɗa. Da farko a kunnensa, da raɗa. Bai motsa ba. Na ɗago na kira shi da dukan ƙarfina, yadda ake kiran yaron da ya yi nisa a gona, har kwarin ya ɗauki sunan ya dawo mini da shi daga ɗaya gefen. Da na ji sunan ya dawo, na ce shi ke nan sun karɓa. Amma ban daina ba, na sake kira. Ya ja wani dogon numfashi, fatar idonsa ta yi rawa, ya buɗe ido bai san inda yake kallo ba.

Ya ce, “Na'am.”

Da wata 'yar murya ya faɗa, ta ladabi, ba irin wadda yake yi mini magana da ita ba. Na fashe da kuka. Baturiyar ta ce in ci gaba, kada in tsaya. Haka na yi ta kira yana amsawa, har muka hango fitilun mutanen motar asibiti suna saukowa da gadon ɗaukar marar lafiya. Ban san sunan matar nan ba, ban sake ganinta ba, rigar ruwanta ma a asibiti aka bar ta.

Ya yi makonni a kwance, ƙashin kai ya tsage, kafaɗa ta goce. Mma ce take raka ni kullum da kwanon abinci, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, ko da yake na ga maganar tana yi mata ƙaiƙayi a baki. Da ya fara samun sauƙi, wata rana muna mu biyu, ya ce shi fa bai tuna faɗuwar ba, abin da ya tuna kawai an kira shi da sunansa, da Hausa, a cikin duhu. Ya ce da farko ya ɗauka kakarsa ce ta zo tafiya da shi. Sannan ya ɗauka tambayar kabari ce aka zo yi masa, sai ya ji muryar tana rawa, ya ce a'a, mala'ika ba ya jin tsoro haka. Ya ce in ƙara faɗa ya ji yanzu da yake cikin hayyacinsa. Na ja mayafi na rufe fuska na ce Allah ya kiyaye.

Ba mu sake komawa tuddan nan ba, kekunan ma can muka bar su. Karatu ya ƙare, aiki ya samu, komawa gida da muke ta cewa baɗi ta zama ba rana. Muka haifi 'ya'ya, suka girma suna amsa mana Hausa da Turanci. A duk tsawon shekarun nan, in yana cikin raha yakan ce, to Hajiya, sai na sake faɗowa daga tudu ke nan kafin in ji? In ce masa ya ci tuwonsa ya ƙyale ni. Ina sane da cewa da gaske yake so, ni ma kuma sau da yawa na yi niyya, in muna zaune mu kaɗai bayan yara sun watse. Sai in ce bari dai sai wani lokaci.

Ciwonsa na ƙarshe a wani asibiti ne nan kusa da mu. Da hantsi ne, rana ta shigo ta taga, ya kwana biyu bai farka ba. Wata nas ta ce mana mu dinga yi masa magana, wai jin magana ne yake ƙarshen barin mutum. Yaran suka kewaye gadon suna Baba, Baba, da Turancinsu. Na ce su je su sha iska, ina so in zauna da shi. Da suka ja ƙofa na matsa kusa, na riƙe hannunsa, na sa bakina a kunnensa na faɗi sunan. Wannan karon bai tsaya mini a wuya ba. Na jira. Na sake faɗa. Sai na miƙe tsaye, tsohuwa da ni, na kira shi da ƙarfi kamar yadda na yi a kwarin nan, har nas ɗin ta turo ƙofa da gudu tana tambaya ko lafiya.

Na ce mata ba komai, jira nake ya ce na'am.